Haƙorin Baba Yekini

Ranar da aka buɗe Gidauniyar Haƙoran Dattawa a Fagge, hadari ya haɗo tun da hantsi, ya yi ta rugugi, amma ko ɗigo bai sauke ba. Shekarar kuɗin Udoji ce, da gwamnati ta yi wa ma'aikata ƙarin albashi, lokacin da kowa ya wayi gari attajiri.

Allah ya yi wa unguwarmu baiwa da Alhaji Sammani, dillalin siminti, wanda muke kira Garkuwan Haƙora. Mutum ne mai tausayi. Tun da ya dawo daga Makka da haƙoran zinariya bai ƙara rufe baki ba, don kada talaka ya rasa abin kallo. Ko ta'aziyya ya je, sai ya ɗan haska wa masu makoki.

Shi ya fara lura cewa tsofaffi ba sa iya tauna. Ya haɗa gwiwa da ma'aikatar lafiya da wani likitan haƙori na Sabon Gari, Dakta Chukwuma, ya yi odar kujerar cire haƙori daga Ingila, mai hawa da sauka. To, kujera ba ta burge baƙi in babu majinyaci. Aka bi gida-gida har aka samo Baba Yekini, tsohon ɗan dakon tasha, wanda haƙori ya kumbura wa kunci kamar ya ɓoye ƙwai.

Likita ya duba, ya ce a cire yau. Alhaji ya ɗaga hannu.

"Dakta, wannan kumburi dukiyar al'umma ce. In ka cire yanzu, me Kwamishina zai gani ranar biki? Baba, ka daure, tarihi na jiranka."

"Alhaji, ni dai barci nake nema," in ji Baba Yekini.

Aka ba shi kanumfari da sabuwar hula. Aka yi ta ɗage biki, yau mai hoto ya tafi Legas, gobe rumfa ba ta samu ba. Kullum da safe Alhaji kan turo direbansa ya dubo ko kumburin ya saɓe, in ya ji yana nan sai ya yi hamdala. Ku faɗa mini, wane tsoho aka taɓa kula da shi haka?

Ranar biki aka jera dattawa a benci, aka raba musu buroshi, har da waɗanda dasashi kawai ya rage musu. Kwamishina bai zo ba, ya turo wakili, wakilin ya turo magatakarda. Alhaji ya hau jawabi, kuma dokin mai baki ya fi gudu.

"A ƙasashen da na zaga, ɗan shekara casa'in yana fasa ƙashin rago! Manufarmu, kafin baɗi, duk tsohon Fagge ya sha rake!"

Babban mutum ba ya tarbar baƙi da kunu, don haka kilishi aka kawo. Dattawa suka yi ta tsotsa cikin ladabi. Baba Yekini, wanda ya daɗe koko ne abincinsa, ƙamshi ya rinjaye shi. Ya gatsa. Ya saki salati. Sai ga haƙori a tafin hannunsa.

Alhaji ya dubi kujera, ya dubi mai hoto. Amma gwani ba ya rasa mafita.

"Jama'a, kun gani da idonku! Ko kujera ba a hau ba, Gidauniya ta fara aiki!"

Ya karɓi haƙorin a hankici, ya haye kujerar da kansa, aka ɗauki hoto. Shi kuwa Baba Yekini, likita ya ja shi gefe ya wanke masa wurin, ya tafi gida ya yi barci har ya makara sallar la'asar.

Alhaji Sammani yana nan a Fagge. Ya bar harkar haƙori, yanzu shi ne shugaban Gidauniyar Idanun Dattawa. Ana cigiyar tsoho mai yanar ido wanda zai iya jira.