Rasuwar Ɗan Aike, Akwatin Masuntan Yauri

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da idon da har yanzu bai bushe ba, Malama Rahamatu, manajar da ke kula da abin da Kamfanin Bakin Ruwa ke ƙera wa jama'a, tana sanar da masunta da masu banda da dillalan kifi na Yauri da Ngaski da Shanga, da duk mai ci daga tafkin Kainji, rasuwar abokin aikinta kuma abin alfaharinta, akwatin nan da mutanen bakin ruwa suka laƙaba wa suna Ɗan Aike. Rai ya yi halinsa ranar Talata da hantsi a ofishin kamfanin da ke Yelwa, bayan doguwar jinya. Shekarunsa biyu da wata huɗu a duniya.

Marigayin ba ɗan gidan masu hali ba ne. An haife shi a shekarar da sabis ɗin salula ya iso Yauri, daga wata tsohuwar kwamfutar gwanjo da wata waya mai tsagaggen gilashi, waɗanda Injiniya Yakubu ya ɗaure wuri guda da robar tayar keke. Kyan gani kam, ba a magana. Aiki ɗaya tak ya iya, kuma bai taɓa jin kunyar hakan ba.

Kullum bayan sallar asuba Rahamatu kan gangara kasuwar kifi ta duba ko motocin dillalan kudu sun iso. In ta dawo sai ta danna masa maɓalli, shi kuma ya bi wayoyi ɗari da arba'in da uku, ɗaya bayan ɗaya, yana yi musu filashin. Ƙirrr sau ɗaya, masu saye sun zo, a ɗauko kifi. Ƙirrr, ƙirrr sau biyu, a zauna gida, kada a ƙona man jirgi a banza. Ba a ɗagawa, ba a karanta komai, ba a cin katin kowa. A wasu tungayen waya ɗaya ce ta gari duka, a rataye a reshen tsamiya inda sabis ke kamawa.

Ba a kan kujerar ofis aka samo wannan dabara ba. Sati uku Rahamatu ta yi tana bin tungaye da tambaya, har wata dattijuwa mai banda a gefen Wara, Inna Tamada, ta gaji da ita ta ce mata ita fa ba ta karanta boko, ba ta kuma karanta ajami, amma ta iya ƙirga biyu. Rahamatu ta yi mata alkawari a gaban mata cewa akwatin ba zai taɓa yi mata ƙarya ba. Shekara guda da rabi, wallahi, bai yi ba.

Ciwon ajali ya kama shi ne ranar da shugaban kamfanin, Alhaji Basiru, ya dawo daga wani taron masana fasaha a Legas, da jaka mai tambari a kafaɗa da maganar hangen nesa a baki. Hangen nesa kuwa Allah ya ba Alhaji, ba mai musu. Yana hango abin da zai faru nan da shekara biyar tar da shi. Kasuwar kifin da ke tafiyar minti goma daga ofishinsa ce kawai bai taɓa gani ba. Ya tara ma'aikata ya ce abin kunya ne kamfanin da ke neman masu zuba jari a san shi da filashin, kamar saurayin da katinsa ya ƙare. Dole marigayin ya girma.

Aka fara yi masa girma. Ƙararrawa uku ta zama gaisuwar Juma'a daga shugaba. Huɗu ta zama tallan taki don manoman shinkafar Shanga. Biyar, sakamakon ƙwallo. Aka ɗora masa saƙon rubutu da Turanci, aka ɗora masa rajista da lambar sirri, aka shafe shi da fenti kalar rigar da Alhaji ya fi so. Bawan Allah, duk abin da aka ɗora masa sai ya ce gurrr, gurrr, ya ɗauka. Ko sau ɗaya bai ɗaga murya ba.

Tunda a gaban gawa ake, bari a faɗi gaskiya har da ta mai makoki. Duk taron Litinin Rahamatu takan ce wannan ƙari zai rikita masunta. Alhaji ya yaba mata, ya ce ba abin da yake ƙauna irin ma'aikaci mai faɗin gaskiya, ƙofarsa kuma a buɗe take ga kowa. Sannan a rubuta cewa an amince baki ɗaya. Ita kuma ta sunkuyar da kai ta ce to, ta je ta isar wa Yakubu. Sau bakwai ta ce to ɗin nan. Ta ƙirga su da kanta, kuma su ne yanzu ke hana ta cin abinci.

Sabis ɗin bakin ruwa kuwa ba ya jiran a gama talla. Wata Alhamis marigayin ya soma buga tallan taki, ya buga ɗaya, sabis ya ɗauke. Inna Tamada ta ji ƙirrr ɗaya tak. Ta kwashe bandar tarwaɗa da karfasa ta sati biyu, ta kira ƙawayenta huɗu, suka ɗauki shatar jirgi har Yelwa. Suka tarar ko mota ɗaya babu. Suka wuni a rana, da la'asar suka sayar da kifin a wulaƙance don su sami na komawa. Rahamatu ta ruga bakin ruwa ta durƙusa tana ba da haƙuri. Inna Tamada ba ta zage ta ba, da ma ta zage ta da ya fi sauƙi. Kashe wayarta kawai ta yi a gabanta, ta ƙulle a bakin zane, ta shiga jirgi.

Daga nan jiki ya ƙi daɗi. Marigayin ya riƙa zafi, Yakubu na zaune a kansa yana yi masa fifita da faifai. Ranar da aka gayyato manyan baƙi daga Birnin Kebbi don ƙaddamar da sabon salo, an jera kujeru an raba lemo, Alhaji ya nemi alfarma ta ƙarshe: a sa akwatin ya karanta wa masunta jawabinsa da muryarsa. Yakubu ya danna. Marigayin ya ce gurrr. Ya ce ƙas, ƙas, ƙas. Sai warin roba ya tashi, ya yi tsit. Baƙi suka tafa, a zatonsu yana cikin shiri.

Kwamitin da aka kafa don gano musabbabin rasuwar, ƙarƙashin jagorancin Alhaji Basiru, ya yi zama uku, ya gano cewa ƙarancin wayewar masu amfani da shi ne ya kashe shi. Allah ya saka wa kwamitin gwargwadon aikinsa.

Ya rasu ya bar Injiniya Yakubu, wanda ya rene shi tun yana wayoyi a warwatse. Da ƙaramin janareta, abokin zamansa. Da allon tsarin shekara biyar na Alhaji, wanda ke nan cikin ƙoshin lafiya. Da magajinsa, Ɗan Aike Na Biyu, wanda har yanzu a jikin kalandar kamfani kawai ake ganinsa. Ya kuma bar wayoyi ɗari da arba'in da uku da ba su san an yi rasuwa ba, suna nan rataye suna jira.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe goma na safe, a kai shi makwancinsa a ɗakin ajiya, saman kabad, kusa da matacciyar fanka. Alhaji zai yi jawabi a kan darussan shugabanci. Ana roƙon jama'a su zo da haƙuri.

Zaman makoki kuwa ba a ofis za a yi ba, domin mai makokin ta ajiye makullinta a teburin Alhaji tun ranar Laraba. Za a same ta a rumfar masu kifi da ke bakin ruwan Yelwa, kullum daga bayan asuba zuwa hantsi, kuma ba a sa ranar tashi ba. Tana zaune a kan benci da littafin lambobi a cinya, tana yi wa masunta filashin da 'yar wayarta, ɗaya ko biyu, babu uku. Yatsa ba inji ba ne, kafin ta kai sittin rana ta ɗaga. Don haka mai zuwa ta'aziyya kada ya wahalar da kansa da goro ko dabino. Ya zo da waya mai caji, a ba shi lamba goma.

Lambar Inna Tamada ce kaɗai ba a ba kowa. Ita Rahamatu ke kira da kanta, kuma da ita take farawa. Har safiyar yau wayar a kashe take.