Kwamfutocin da ke Jiran Almakashi

Jama'a, kwanakin baya na raka ƙanwata sabon laburaren unguwarmu, muka dawo da ƙura a ƙafa da haushi a ciki.

Yarinyar nan digiri na biyu take nema. Bara ta ci komai a jarrabawar shiga, sai insha'i ya kayar da ita. A kwamfuta ake rubuta shi, agogo na gudu, ita kuwa da yatsa ɗaya take farautar haruffa. Lokaci ya ƙare tana tsakiyar hujja ta biyu. Bana in ta sake faɗuwa, wurin aikinta sun ce ba sauran hutun karatu.

Da muka ji a rediyo Mai Girma Uban Ilimi ya cika laburare da kwamfutoci, har addu'a na yi masa. Muka isa, ƙofa da kwaɗo. Ta taga muka hango su a jere, kowace lulluɓe da leda.

"Baba, yaushe ake buɗewa?" in ji ƙanwata.

"Sai Ranka-ya-daɗe ya zo ya yanka ƙyalle, 'yata," in ji mai gadi. "An ce kada a taɓa, kada su tsufa kafin a ɗauki hoto."

Kun ji hangen nesa. Mu talakawa ba mu san tattalin kaya ba, da mun samu sai mu hau amfani da su.

Maƙwabcina mai gyaran rediyo ya ji tausayi, ya zaro mata wani tsohon kibod daga ƙarƙashin benci, ba waya, ba kwamfuta. Yanzu a kan teburin guga take ɗora shi, ni ina riƙe da agogo, tana ta ƙwanƙwasa insha'in da ba wanda zai taɓa karantawa.

"Yaya, na yi kuskure?" takan tambaye ni.

"Ko ɗaya ban gani ba," nake cewa. Sai ta yi dariya, ni kuma abin ya tsaya mini a rai.

Yau da safe aka aiko. Mai Girma zai yanka ƙyalle washegarin jarrabawa, kuma ana gayyatar ƙanwata ta zauna gaban kwamfuta cikin ɗaliban da suka amfana.

Na ce ta je. Ko ba komai, ta ga yadda rubutunta ke fitowa.