Mai Yankan Ciyawa da Tsakuwar Sojan Sama

Wani ne ya yi ta kamun ƙafa har aka ɗauke shi yankan ciyawa a sansanin sojan sama. Amma na gwaji ne. Aka ce in ya nuna himma za a tabbatar da shi, a ba shi ɗaki a bariki. Matarsa kuwa tun ranar ta ɗaure kwanukanta, ta sallami maƙwabta, har da yafe-yafe.

Kullum da safe yana wasa laujensa sai ya ga abin mamaki. Sojoji su jeru kafaɗa da kafaɗa, manya da ƙanana, har masu anini a kafaɗa. Su sunkuyar da kai, su bi titin da jirage ke tashi tun daga wannan baki har wancan, suna dube-dube kamar an yar da allura. Wanda ya tsinci tsakuwa ko tsohuwar ƙusa sai ya jefa a bokiti, a kai ofis.

Abin ya ishe shi. Ya tare wani tsohon sajan ya tambaye shi tun yaushe suke wannan nema. Sajan, wanda magana ke yi wa wuya kamar cire haƙori, ya ce tun ranar da aka kafa sansanin, tun jirage na da fanka a hanci. Kakannin waɗannan yaran ma sun yi.

"To yau me kuka samu?"

Sajan ya karkata masa bokiti. 'Yan tsakuwoyi ne, ko tafin hannu ba su cika ba.

Wallahi sai tausayi ya kama mutumin. Ya koma gida ya kasa cin abinci. Ya ce wa matarsa ga ƙarti majiya ƙarfi, gwamnati ta ba su jirage ta ba su bindigogi, amma samun tsakuwa ya gagare su. Ita kuma ta ce ai himmar da ake faɗa ke nan ta zo har ƙofa, in ya yi sanya wani zai riga shi.

Ana jibi bikin tunawa da kafa sansanin, ya ari baro. Ya yi ta jido tsakuwa daga bayan katanga, yana lulluɓe ta da ciyawa yana tarawa a gefen titi. Masu gadi har sannu suke yi masa. Ranar biki, kowa na can wajen jera kujeru, gogan ya bi titin yana watsi da hannu bibbiyu kamar mai shuka.

Baƙi suka cika rumfa. Tsofaffin matuƙa sun sha lambobi a ƙirji, matan bariki sun ci ado, 'yan badujala sun kumbura kumatu. Ana jiran jirage su tashi su yi wasa a sama. Shiru. Can sai aka hango sojoji duk sun durƙusa a titi, har da mai girkin kwamanda, ana ta cika buhuna. Rana ta take, baƙi suka watse, ko tsuntsu bai tashi ba.

Ba a sha wuyar gano shi ba, don yana tsaye kusa da baronsa yana washe baki, yana jiran a kira shi a yaba.

Aka kai shi gaban kwamanda. Kwamanda, jijiyar wuya a tashe, ya ce tsakuwa ɗaya tak in injin jirgi ya zuƙe ta, jirgin ya tashi daga aiki, matuƙin ma sai wani ikon Allah. Ya ce ya ajiye lauje ya fice, ɗaki kuma ko a mafarki.

Mutumin ya ajiye lauje, ya kama baronsa. Da ya kai bakin ƙofa ya waiwayo, ransa a ɓace.

"Shi ke nan, ranka ya daɗe. Amma gobe in kun fito nema ba ku samu ba, kada wanda ya zo min gida."