Ta'aziyyar Injin da Ba Ya Shan Mai

Da zuciya mai nauyi, cike da baƙin cikin da na rasa inda zan sauke shi, ni tsohon mai gyaran keken ɗinki, a madadin uwargida da 'ya'yanmu, nake sanar da 'yan'uwa da maƙwabta rasuwar injinmu mai ƙera kaya da hasken leza. Ya cika ranar Talata da hantsi a kan teburin cin abinci. Watansa biyar a gidan nan, amma kwana tara kacal ya yi yana numfashi.

Ga wanda bai san shi ba, marigayin ya zo mana ne a kwali uku, gunduwa-gunduwa, babbar 'yata ce ta aiko shi. Aikinsa ya shimfiɗa garin roba, haske ya bi ya narka inda aka zana, ya sake shimfiɗawa, har abu ya tashi a cikin garin. Ba kuma don wasa aka kawo shi ba. Keken ɗinkin uwargida shekara biyu ke nan yana tsaye, saboda wani ɗan faifan roba mai haƙora ashirin da huɗu da ya karye, an kuma daina yin irinsa. Yatsunta sun kumbura, allura tana ba ta wuya. Ni da na shekara arba'in ina tayar da kekunan matan mutane, nata ya gagare ni. Da bakina na ce mata wannan injin zai ƙera mana faifan. Ta ce, "To Malam, Allah Ya nuna mana."

Da hannuna na haɗa shi. Littafinsa ba a harshen da nake ji yake ba, sai 'yar tawa ta riƙa karanta mini ta waya, ina ɗaure noti. Wata huɗu da rabi muna cin abinci a kan cinya don ya cinye teburin. Sau biyu na sa bel a juye. Na gama, noti huɗu suka yi saura, har yau ban san na ina ne ba.

Na shaide shi da ladabi. Idan an kunna shi yakan yi gyaran murya, tit-tit, fankarsa ta ɗauki huuu, sai ya yi shiru awa guda yana ɗumama cikinsa, ba ya gaggawa irin ta yaran yanzu. Sannan ka ji shaaa, shaaa, yana baza gari kamar mai shara a ɗakin mara lafiya. Abin da ya fara haifa wani ɗan akwati ne karkatacce. Uwargida ta goge shi ta ɗora a kan talabijin.

Game da jinyarsa, ba zan ɓoye ba. A kwana na takwas na ji wani ɗan ƙiii. Kunnena ya san wannan kukan, ƙishi ne. Gaskiya ne 'yata ta karanta mini shafin da ya hana kai mai kusa da madubansa masu juya hasken. Na ce mata, "Ke, tun ba a haife ki ba nake ba inji mai." Na ɗauko butar man keke na ɗiga masa a ƙarafa, na ɗiga a gindin ƙananan maduban, na sa tsummana na goge masa idon gilashinsa har ya yi ƙyalli. Don ƙauna na yi.

Washegari na ba shi aikin faifan. Uwargida ta jawo kujera ta zauna. Gari ya manne a mai, wani ƙauri ya tashi, muka ji ƙas, ido ya tsage. Fanka ta ja huuu ɗaya ta tsaya. Maƙwabcinmu mai gyaran rediyo ya zo ya leƙa, ya sunsuna tsumman, ya ce, "Baba, wannan ba rashin lafiya ba ce, kisa ne." Na karɓi tsummana na cusa a aljihu.

Ya bar bokitin gari ɗaya da rabi, da notin nan huɗu, da ɗan akwatin. Ya bar kuma faifan da ya fara, haƙora ashirin da huɗu cif, sai dai kaurinsa bai kai farce ba. Na ɗaga shi ya rugurguje a hannuna. 'Yata ta kira, ba ta ce ai na faɗa maka ba. Da ta faɗa da ya fi mini sauƙi.

Za a mayar da shi kwalayensa ranar Asabar da safe, a ɗora a kan kabad. Ana karɓar gaisuwa a falo, kada kowa ya zo mini da shawara, sai fa wanda ya san inda ake samun faifan nan. Da an mayar da shi tun jiya, uwargida ce ta ce ba za a bar shi ƙura ta ci ba. Tana ɗinka masa mayafi da hannu, yau kwana uku, tana yi tana hura yatsu. Ni ne mai zura mata zare.