Koriyar Munduwa a Hannun Maulana

Wani mutum ne a garinmu na Lautoka, daga jinsinmu na masu farin gemu da tarin littattafai. Ba zan ambaci sunansa ba, domin suturta Musulmi wajibi ne, balle wanda hularsa daidai take da kaina. Ya yi shekara goma sha ɗaya yana karatu a ƙetare, ya dawo ya karantar shekara arba'in, har tsantseninsa ya kai ba ya shan ruwa sai ya binciki hukuncin kofin.

Wani tsohon ɗalibinsa mai suna Faiyaz Buksh, wanda ya koma Auckland da zama, ya zo gida aurar da 'yarsa. Ya kama wuri a wani otal na 'yan yawon buɗe ido a ɗaya daga cikin ƙananan tsibiranmu, ya kuma rantse babu mai ɗaura auren nan sai malaminsa, da ƙarfe huɗu na yamma. Mutumin namu ya sa aka goge masa farar riga, ya rubuta huɗuba shafi shida, ya ɗauki matarsa Hajiya Zaibun, suka shiga jirgin ruwa tare da 'yan biki.

Da suka sauka, sai suka tarar da wata ma'aikaciya mai suna Mereoni a wurin karɓar baƙi, da kwanduna biyu a gabanta, tana ɗaura wa kowa munduwar roba.

Ta yi masa gaisuwar mutanen tsibiran, ta ce, "Bula, Maulana. Miƙo hannu."

"Mene ne wannan, 'yata?"

"Ja ta wanda ya cika shekara sha takwas ce, ana iya sayar masa da giya. Koriya ta wanda bai kai ba ce, ko birgima ya yi ba a ba shi. Haka muke yi don kada mai zubawa ya tsaya tambayar kowa katin shaida."

Mutumin ya janye hannunsa kamar ya taɓa garwashi. Ya juya ya fuskanci 'yan biki, mutum wajen sittin, da jakunkunansu a hannu, ya yi gyaran murya. Ya bayyana musu cewa jar munduwa izini ce, ɗaura izini kuwa yarda ce, yarda da saɓo kuma 'yar'uwar saɓo ce. Ya kawo hujja, ya kawo ƙiyasi, ya warware shubuhar da babu wanda ya kawo. Ya rufe da cewa gara a guntule hannunsa da a ga ja a jikinsa.

Hajiya Zaibun, wadda aka riga aka ɗaura wa ja, ta ce, "Baban Nasima, roba ce fa. Babu wanda zai ɗura maka."

"Ke dai kin ɗaura taki. Hisabinki daban, nawa daban."

Mereoni ta ce, "Baba, kala biyu ne kawai gare mu, kuma ba a shiga da hannu haka nan. In na sa maka koriya, haka za ta shiga na'ura, sai manaja ne ke iya canzawa, shi kuwa ya bi jirgin safe."

"Ɗaura. Kore ma launin salihai ne."

Ta ɗaura. Ya ɗaga hannun sama domin jama'a su ɗauki darasi.

Bayan azahar aka kira abinci. Ƙamshin palau, wato dafa-dukan shinkafa da naman akuya, ya cika wurin, irin wanda aka ɗauko mai dafawa musamman daga garin Ba. Mutumin ya ɗauki faranti ya shiga layin dattawa. Mai rabo ya dubi hannunsa, ya dubi gemunsa, ya sake duban hannun, sai ya kama shi da ladabi ya kai shi wani gajeren teburi a gindin kwakwa.

"A nan naku yake, Baba."

"Namu su wa?"

"Masu koriya. An ƙidaya ku tun safe, ku goma sha huɗu ne da kai. Naku babu yaji."

Aka zaunar da shi a kujerar da gwiwoyinsa suka kusa taɓa gemunsa. Aka kawo masa soyayyen kifi ɗan sili uku, da dankali, da cokalin roba. Ya nemi shayi, aka kawo masa madara a kofi mai murfi da tsinken zuƙa. Wata ma'aikaciya ta zo da fenti tana tambaya ko damisa yake so a zana masa ko malam-buɗe-littafi. Daga can Hajiya Zaibun tana tsotsar ƙashin akuya, ta ɗago masa hannunta mai jar munduwa tana gaishe shi.

Faiyaz ya taho da sauri. "Maulana, don Allah bari in sa a yanke wannan abin, in roƙe su su ba ka ja."

Mutumin ya dubi palau, zuciyarsa ta karkata. Ya dubi mutum sittin ɗin da ya yi wa huɗuba, duk sun bar cin abinci suna jiran fatawa ta biyu. Ya haɗiye yawu.

"Faiyaz, a ajina ka taɓa jin na warware magana saboda shinkafa?"

Ya cinye kifin nan uku yana ambaton falalar zuhudu.

Huɗu saura kwata ya yi alwala, ya gyara rawani, ya nufi dandamalin katako da ke kan ruwa, inda aka shirya ɗaurin auren. An rufe mashayar wurin da farin ƙyalle albarkacin bikin. A bakin ƙofa akwai mai gadi, Sakiusa, ƙato ne mai faɗin ƙofar kanta, dattijon coci a ƙauyensu, mutumin da bai taɓa tsallake layi ɗaya na doka ba. Ya sa hannu ya tare.

"Yi haƙuri, Baba. Wurin nan mai lasisin giya ne. Mai koriya ba ya shiga sai da babba."

"Ai an rufe giyar."

"Giyar aka rufe, ba a rufe lasisin ba."

"Bawan Allah, shekarata saba'in da huɗu. Alamomin balaga sanannu ne a wurin malamai, kuma babu wadda ban cika ba tun kafin a haife ka. Dubi gemun nan."

"Na gan shi, kuma ya yi kyau. Amma ni ba gemu aka ce in duba ba, hannu aka ce."

"To ina hankali? Ina lura da manufar doka?"

"Baba, wanda ya riga ni a ƙofar nan mai lura da manufa ne. Yanzu rake yake sara."

Shekara arba'in mutumin yana ba ɗalibai irin wannan amsar, bai taɓa sanin haka take da ɗaci ba.

A ciki ango ya zauna, shaidu sun zauna, amarya na jiƙewa da gumi a cikin kayan da suka fi ta nauyi. Huɗu ta wuce da minti goma. Kawun ango, wani mai shagon taya daga Sydney, ya leƙo ta kafaɗar Sakiusa.

"Maulana, ina da mas'ala. Yaron da bai balaga ba, ya halatta ya ɗaura wa manya aure?"

Dariya ta tashi har cikin mata. Kawun ya ƙara da cewa akwai wani matashin limami a unguwarsu, in an ga dama sai a kira shi ta waya ya ɗaura, minti biyar ya gama. Faiyaz ya dubi agogo, ya dubi malaminsa, bai ce a'a ba. Mutumin ya dubi huɗubarsa mai shafi shida.

Ya sassauta murya. "Ɗana Sakiusa, babu wata rangwame? Ko a shari'a lalura tana da hukuncinta."

"Akwai. Wani mai ja ya cika takarda ya ɗauki nauyinka. Amma sai wanda kuka zo a ɗaki ɗaya."

Aka aika a kira Hajiya Zaibun. Ta taho a hankali, ba ta gaggauta ko taku ɗaya ba, tana gyara mayafi yadda jar munduwar za ta fito sosai. Sakiusa ya zaro takarda da biro.

"Mama, mece ce dangantakarki da shi?"

"Matarsa."

"Babu wannan a nan. Uwa, uba, ko mai reno."

"Sa mai reno."

"Ya iya iyo?"

"A baki."

"Akwai abin da ba ya ci?"

"Gyara."

"Yana barcin rana?"

"In ba a bar shi ya yi ba, kowa sai ya ji a jikinsa."

Mutumin ya ce, "Hajiya, ana jiranmu."

"Ana magana da manya, Baban Nasima."

Sakiusa ya juya takardar, ya karanta sashen ƙarshe da murya irin ta mimbari. "Kin yarda za ki riƙe shi kusa da ke, ba za ki bari ya dami sauran baƙi ba, kuma duk ɓarnar da ya yi a wuyanki take?"

Ta karɓi biron, ta sa hannu, ta kama mutumin a tsintsiyar hannu.

"Ɗana, shekara arba'in da tara ke nan ina wannan aikin. Yau ne dai aka fara ba ni takardar shaida."