Rasuwar Mai Hange, Kyamarar Maame Araba

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta har ya tumbatsa, Maame Araba Essuman, mai bandar kifi ta bakin gadar da kwale-kwale suke sauka, tana sanar da 'yan uwa da abokan sana'a da masuntan ƙabilar Fante na nan gaɓar da na Takoradi rasuwar kyamararta, wadda kowa ya sani da suna Mai Hange. Ta rasu ranar Talata da hantsi, a hannun uwar ɗakinta, lokacin da Maame Araba take tsaye cikin teku ruwa har ƙirji, mata uku suna jan zaninta ta baya suna kururuwa, ita kuwa tana ƙara kutsawa gaba. Igiyar ruwa ce ta taso ta rufe su duka. Da suka ɗago, matan nan suna tari suna tofar da gishiri, Mai Hange kuwa ta yi shiru, dogon wuyanta mai ɗauke da gilashi a miƙe, bai sake komawa ciki ba.

Marigayiyar 'yar ƙarama ce, ba ta fi sabulun wanki ba, a ƙullin zani take kwana. Ebo, ɗan Maame Araba tilo, shi ya sayo ta hannun wani ma'aikacin jirgi a shekarar da ya fara riƙe injin kwale-kwale. Ya miƙa wa uwarsa yana dariya, ya ce, "Maame, ga ido na kawo miki. Kullum kina kan gada kina murtuke fuska kamar mai cin lemon tsami, har yara sun fara tsoronki."

"Ubanka ne yake tsorona, shi ma ya huta," in ji ta. Amma ta karɓa.

Duk wanda ya zauna da marigayiyar zai tuna muryarta. In an tashe ta sai ta ce "tirin", ta miƙo wuya tana "zuuuu" a hankali kamar tsohuwa mai miƙa, in ta kama abin da take so ta ce "ƙit". Ba ta taɓa faɗin abin da ya wuce haka ba, ko da an yi gulma a gabanta.

An shaide ta da gaskiya da rana tsaka. In abu yana kusa kuma akwai haske, sai ka ƙirga ɓawon kifi a hotonta. Ita ta ɗauki bikin sunan rabin yaran unguwa, ita ta nuna wa duniya cewa haƙorin zinaren madugun mawaƙan coci na gwangwani ne. Babban aikinta kuwa hange. Tun kwale-kwale yana ɗigo a ƙarshen ruwa, Maame Araba za ta ɗora ta kan bangon gada, ta riƙe numfashi, ta jawo nesa kusa, ta ga tutar waye, ta ga ko cikinsa ya nutse da nauyin kifi ko yana tafe fayau. Kafin sauran mata su farga ta riga ta tsaya da kwanukanta inda zai sauka. Kukua, maƙwabciyarta a wurin banda, ta yi shekaru tana cewa, "Wannan ba kyamara ba ce, mayya ce. Araba, ki kai ta wurin fasto a yi mata addu'a."

"Ke ki kai idonki asibiti," Maame Araba take ba ta amsa.

Ba za a ɓoye rauninta ba, domin Allah ya san shi. In aka matsa mata ta miƙe wuya har iyaka, hankalinta yakan gushe. Launuka su narke kamar an zuba shuni a ruwa, ja ya koma ruwan ƙasa, fuskar mutum ta zama dunƙulen tuwo. Hannu in ya yi rawa kaɗan, teku duka sai ta yi tsalle. In hadari ya haɗo, hoton ya cika da tsaki-tsaki kamar an watsa garin rogo. Maame Araba ta san wannan hali nata, ta yafe mata tun da daɗewa, domin kifi ba ya buƙatar a ga fuskarsa.

Ciwon ajalinta ya faro ne daga ranar da kwale-kwalen Ebo, mai tuta rawaya, ya fita da mutum shida, har da shi Ebo, bai dawo ba. Masunta suka fita nema har man da aka tara ya ƙare. Tun daga nan Mai Hange ba ta sake hutawa ba. Daga fitowar rana zuwa faɗuwarta tana kan gada, batirinta yana zafi, wuyanta yana fita yana komawa har ya fara ƙara kamar ƙofar da ta yi tsatsa. Maame Araba ta bar wutar banda ta mutu. Kukua ce take kawo mata dokunu, tuwon masara irin nasu, da barkono, tana tura mata a baki tana zaginta.

Ranar Talatar nan, wadda kowa ya san al'adar masunta ta hana shiga teku a cikinta, ruwa ya kamata ya zama wayam. Sai ga ɗigo can ƙarshe. Mai Hange ta miƙa wuya iya ƙarfinta, ta ce "ƙit". Maame Araba ta sauko daga gada da gudu, ba takalmi, ta sami sarkin masunta yana gyaran koma a inuwa tare da yayanta Bentsil, wanda shi ne babban dangi.

"Ku duba! Yau Talata, wa zai kasance a ruwa in ba wanda ya kasa dawowa ba? Ga tutar nan, rawaya!"

Sarkin masunta ya karɓi kyamarar, ya kare hasken rana da tafinsa, ya daɗe yana kallo. Abin da ke ciki baƙin tabo ne mai gefe-gefe a narke, da wani ɗan haske a kansa wanda zai iya zama rawaya, zai iya zama fari.

"'Yar uwa," ya ce, "in na ga kwale-kwale, ni da kaina zan karya Talata, in ɗauki abin da zai biyo baya. Amma ki duba da kyau. Wannan ai ko kututture ne, ko ƙazanta a gilashin. In na tura 'ya'yan mutane ranar da aka hana saboda wannan, wani abu ya same su, me zan ce wa uwayensu?"

"Araba, kawo mana wanda ya fito sosai," in ji Bentsil, murya ƙasa-ƙasa. "In ya fito, ni zan ja injin."

Shi ya sa ta shiga ruwa. Ta san tazarar da ke tsakaninta da ɗigon nan ba ta taku ba ce, kowa ma ya sani. Amma ta ce in ta ƙara matsawa ko kaɗan ne, wataƙila Mai Hange ta gani. Tana ɗaga ta sama da kai, tana cewa, "Daure, 'yata, sau ɗaya kawai," igiyar ta zo.

Washegari kwale-kwale suka fita tun da sassafe, ba su tarar da komai a wurin ba.

An yi wa marigayiyar duk abin da ake yi. An binne ta cikin buhun shinkafa, an shanya ta kan kwanon ɗaki, an kai ta wurin mai gyara a Takoradi. Ya buɗe cikinta, ya ga gishiri ya ci ko'ina ya yi kore, ya mayar ya rufe, ya ce, "Maame, sai haƙuri." Katin cikinta kaɗai ya tsira.

Ta rasu ta bar uwar ɗakinta. Da batira biyu, ɗaya ya kumbura. Da igiyar caji da take jona wa bango har yanzu. Da jakarta ta fata mai warin hayaƙi. Da hotuna masu yawa, cikinsu har da na Ebo yana tsaye kan kwale-kwale yana yi wa uwarsa gwalo daga nesa, hoton da ba wanda zai gane shi ne sai ita.

Game da jana'iza, ya kamata jama'a su san yadda aka yi. Dangi sun zauna, Bentsil ya ce lokaci ya yi da za a yi wa Ebo zaman makoki ko da babu gawa, kamar yadda gidajen sauran biyar ɗin suka shirya. Ya kama rumfuna da kujeru da masu badujala na ranar Asabar, ya zo karɓar hoton da za a buga a sanarwa. Maame Araba ta miƙa masa hoton baƙin tabon nan.

"Araba, wannan mene ne?"

"Aikin marigayiya na ƙarshe. Kun ce a yi makoki, za a yi. Ina da mamaciya, na ga gawarta da idona, na taɓa ta. Wanda ban ga gawarsa ba, ba mai rubuta sunansa."

"Mutane za su ce kin taɓu."

"Su zo su faɗa a kan kujera, Yaya, ai ka riga ka kama."

Bentsil ya share ido da gefen mayafinsa.

Saboda haka za a yi zaman makokin Mai Hange ranar Asabar a filin bakin gada. Za a ajiye ta cikin jakarta a kan tebur, fuskarta tana duban teku. Masu zuwa su sa ja da baƙi. Za a binne ta ƙarƙashin bishiyar kwakwa ta bayan wurin banda. Ana roƙon masu gaisuwa su yi ta'aziyyar kyamara kawai. Wanda ya ambaci wani suna, Kukua za ta raka shi hanya.

Ana cikin sauke kujeru daga mota ne yau wani baƙo ya tsaya da babur, ƙura har gira, harshensa na mutanen Togo. Ya tambayi gidan mai kwale-kwalen da ya ɓata, aka nuna masa Maame Araba. Ya cire hula.

"Mama, ruwa ya kawo wani kwale-kwale gaɓarmu, gabas da Lome, injinsa a mace. Biyar suna asibiti, ba mai iya magana tukuna, ba takarda a jikin kowa. Na shidan yana ɗakin ajiye gawa. Ana neman wanda zai zo ya duba fuskoki."

Maame Araba ta kwance zaninta ta sake ɗaurawa tamau, ta hau bayan babur ɗin ba ta ko ɗauki takalmi ba. Mai motar kujeru ya dubi Bentsil, ya ce, "Baba, in ci gaba da saukewa ko in mayar?"

Bentsil ya bi ƙurar babur ɗin da kallo.

"Sauke," ya ce.

Jana'iza tana nan ranar Asabar. Har zuwa lokacin da aka kai wannan sanarwa wurin bugawa, sunan da ke kanta na Mai Hange ne. Allah ya jiƙanta, ya sa kada a canza sunan.