Rasuwar Mavis, Libarba Mai Sanyin Hali

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wuyan hannu mai ciwo, Lindsay Treloar, tsohon mai askin tumaki na garin Narrandera a ƙasar Ostareliya, yana sanar da 'yan ƙungiyar harbi rasuwar ƙaramar bindigarsa libarba, Mavis, mai cin harsashi lamba talatin da biyu. Ta rasu ranar Asabar da hantsi a filin harbi, tana da shekara arba'in da ɗaya.

Marigayiya ba ta da hayaniya. "Tas" kawai take cewa, ta ɗan ɗaga kai, ta koma inda take. Askin tumaki ya cinye wa Lindsay gaɓoɓin hannu tun tuni, amma ba ta taɓa shurinsa a hannu ba in ya harba ta. Ƙananan bindigogi masu lamba ashirin da biyu sun fi ta laushi, sai dai ramin da suke yi a takardar da ake harbi idonsa ba ya gani. Manya kuwa, daga talatin da takwas zuwa sama, shurinsu har gwiwar hannu. Ita ce ta tsaya a tsakiya.

Ajalinta ya biyo ta bakin Clarrie Dunstan, wanda ke harbi a gefensa. Shekara da shekaru yana ɗaga ƙatuwar bindigarsa yana tsokana: "Kai tsoho, harbi ka yi ko atishawa? Kawo in huda maka takardar da yatsa mana!" Lindsay ya gaji. Da ya zauna ɗura harsasansa da hannu, kamar yadda kowa ke yi a ƙungiyar, sai ya ƙara albarushi fiye da ƙima. A harbi na uku Mavis ta ce "ƙwaram", muryar da ba tata ba, cikinta ya tsage. Maƙerin bindiga ya duba, ya girgiza kai. Lindsay ba ya ɗora wa kowa laifi. Shi ya auna, shi ya zuba.

Ta rasu ta bar kwanson harsashi ɗari huɗu, da tsumman mai, da mai gida wanda ya halarci gasa biyar a bana alhali doka shida take nema. Ta ƙarshe ranar Asabar mai zuwa ce. In bai yi harbi ba lasisinsa na riƙe bindiga ya tafi, kuma tun rasuwar matarsa, filin nan ne kaɗai inda ake kiran sunansa.

Clarrie ya zo ta'aziyya, ya ƙi zama, yana ta murza hula. Can ya ajiye bindigarsa a kan tebur ya ce, "Ɗauki ka yi ta shidan. Ba za ta shure ka ba. Ni fa shekara takwas ke nan ina rage albarushi, kafaɗata ta mutu. Baki ne kawai ya rage mini."

Za a kai gawa ofishin 'yan sanda ranar Alhamis da ƙarfe goma, inda za a yanka ta bisa doka. Daga nan akwai shayi da tsiran nama a cikin burodi a rumfar ƙungiya. Ba a buƙatar furanni, ba a kuma buƙatar shawara kan albarushi.

Clarrie ne zai ɗauki akwatin gawar. An karɓi aron bindigarsa. Ta'aziyyarsa kuwa, ana nan ana dubawa.